Ranar da Na Fara Riƙe Alli

A shekarar 1954 ina aikin akawu a ofishin En'e, da maraice kuma ina koya wa dattawan unguwarmu karatu a ajin Yaƙi da Jahilci. Ran nan sai Wakilin Makaranta ya kira ni, ya ce an buɗe elementare a wani ƙauye, ba malami, ni a ke so in tafi. Gabana ya faɗi. Karatun allo na yi, sai elementare shekara 4, ban taɓa shiga Midil ba, balle makarantar horon malamai. Dattawa su kan rufa wa mutum asiri in ya yi kuskure, amma yaro ba ruwansa. Ga shi kuwa in na kāsa na dawo, an riga an ba wani kujerata, da me zan ci da iyali?

Kwana uku ban yi barcin kirki ba. Sai na tafi wurin tsohon malamina na allo, na durƙusa, na ce, "Allah ya gafarta Malam, ilmina bai kai in tsaya gaban yara ba."

Ya ce, "Ranar da na fara sa ka biya wa ƙanana, izu nawa ka ke da shi?"

Na ce, "Biyar."

Ya ce, "Su fa?"

Na ce, "Babbaƙu su ke yi."

Ya ce, "To, tashi ka tafi. Amma abin da ba ka sani ba, kada ka ce ka sani."

Ranar farko na kira rajista murya na rawa. Da muka zo lissafi na rubuta a allo sule 20 fam ɗaya, kwabo 12 sule ɗaya, saboda haka kwabo 220 ke cikin fam. Sai wani ɗan mahauci, wanda ya saba ƙirga wa ubansa ciniki, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, 240 ne." Aji ya yi tsit. Abin da na ke gudu ke nan, ya kuwa zo tun ranar fari. Har hannuna ya kai ga bulala, sai na tuna maganar Malam. Na sake dubawa, na ce, "Gaskiyarka, ni na yi kuskure. Zo ka gyara." Ya karɓi alli ya gyara, ba wanda ya yi dariya.

Daga ran nan tsoro ya sake ni. Kullum da dare na kan kunna aci-balbal in shirya darasin gobe, don ba a fafe gora ranar tafiya. Shekara 3 na yi a can kafin a mai da ni ofis a 1957, yaron nan kuwa ya ci jarrabawa ya wuce gaba.

To, 'yan'uwa da kuka karɓi takardar shaida, in an ce ku koya wa wani, kada ku ce ilminku kaɗan ne. Mai izu biyar ya isa ya biya wa mai babbaƙu, in dai zai faɗi gaskiya ranar da ya yi kuskure.