Get ɗinmu da layin waya

Asabar

Yau muka zauna da Yaya a kan maganar get. Gidan namu na gado ne, sassa huɗu a haraba ɗaya, kuma tun da aka sa wa get ɗin inji, Centurion D5-Evo na Afirka ta Kudu, rimot ya zama abin rigima. Wannan ya ɓata, wancan batirinsa ya mutu, na matar ƙanena yana cikin jakar da ta baro a Zariya. Baba maigadi kuma shekaru sun ja, ba ma son a riƙa tayar da shi da hon tsakar dare cikin wannan sanyin. Abin da ya fi damuna Hajiya ce. In mai yi mata allura ya zo muna wurin aiki, sai ya tsaya a waje yana bugun ƙarfe har wani ya ji.

Yaya ya ce akwai 'yar na'ura da ake sa wa sim, a kira ta a waya ta buɗe get. Aka ɗora mini nemo wadda ta dace.

Lahadi

Na kira injiniyan da ya sa mana injin, ya yi mini bayani dalla-dalla. In ka kira layin da ke cikin na'urar, tana duba lambarka. In tana cikin waɗanda aka ajiye mata, sai ta katse kiran, ta haɗa wayoyi biyu na kamar daƙiƙa guda, injin ya ɗauka an danna rimot. In ba ta san lambar ba, ko ka ɓoye ta, ta yi banza da kai. Kamar maigadin da ya haddace fuskokin mutanen gida take. Tunda ba a ɗaga kiran ba, ko kwabo ba za a cire maka ba.

Filashin ne kawai. Mu da muka ga zuwan wayar salula a 2001, lokacin da MTN da Econet ke cajin naira 50 a minti, kafin Glo ya kawo lissafin daƙiƙa a 2003, babu wanda zai koya mana filashin. Wannan ya kwanta mini a rai, domin Hajiya ƙaramar waya mai madannai take riƙewa, haka ma Baba, haka mai kawo mana ruwa a tanka.

Litinin

Na shiga Sabon Gari bayan azahar. Iri uku na gani. Akwai mai aiki da Wi-Fi da manhaja, wadda ba ta ɗaukar sim. Akwai mai 2G, irin RTU5024 ta kamfanin King Pigeon na Shenzhen, 'yar ƙarama da eriyarta, tana karɓar lambobi har 200. Sai mai 4G, kuɗinta ya kusa ninka na waccan.

Mai shagon ya ce, "Alhaji, ka ɗauki mai manhajar nan, ita manya ke sawa. Har hoton get ɗin za ka gani yana buɗewa."

Na ce, "Malam, in an ɗauke wuta kwana uku fa?"

Ya ce ai akwai inbata. Na yi godiya na fito ban sayi komai ba.

Mai manhaja ta fita daga lissafina tun a hanya. Tana bukatar intanet ɗin gida ya zauna a kunne dare da rana, kuma duk mai buɗewa sai da babbar waya da data. Ban manta watan Maris na 2024 ba, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma: bankuna suka rikice, manhajoji suka ƙi buɗewa, amma kiran waya bai daina shiga ba. A Oktoban shekarar kuma Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu. Injin get ɗinmu yana da batirinsa mai bolt 12, kuma na'urar sim daga nan za ta sha wuta, ba ta cin wani abin kirki.

Talata

Yau na wuni a kan tambaya guda: 2G ko 4G?

Hujjar 2G mai ƙarfi ce. Tana da araha, ba ta da tarkace, kuma a Najeriya sabis ɗin 2G, wanda ke kan mita 900 da 1800, shi ya fi kai wa lungu. Aikin da za ta yi ma karɓar kira ne da saƙon tes. Sai dai get ba abin da ake canzawa kowace shekara ba ne. Telstra ta Ostireliya ta kashe 2G a ƙarshen 2016, AT&T ta Amurka a farkon 2017, Singafo ta bi sahu a shekarar. Afirka ta Kudu, inda aka ƙera injin namu, ta taɓa sa ƙarshen 2027 a matsayin wa'adin rufe 2G da 3G. A nan gida mutane da yawa na kan ƙananan wayoyi, don haka ba na jin za a yi gaggawa. Amma ranar da aka kashe, na'urar 2G ta zama kwalin banza a jikin gini.

Ita ma 4G tana da tarko. Kowace ƙasa da zangon mitar da take amfani da shi, kuma ana ƙera na'ura ɗaya kala-kala, ta Amurka daban, ta Turai da Afirka daban, a kwali iri ɗaya. Namu kamfanonin suna kan zango na 3, 7, 20 da 28. Wadda aka yi wa Amurka ko ta kama wuta ba lallai ta ga sabis a Kano ba. Sai kuma maganar kira. Asalin 4G na data ne, murya ba ta bi ta kansa sai da tsarin VoLTE. In babu shi, da kira ya shigo na'urar sai ta sauko 3G ko 2G ta karɓa. Saboda haka wadda nake nema ita ce mai 4G da ke iya saukowa 2G, mai zangon da ya dace da mu, kuma a rubuce a takardarta, ba a bakin mai shago ba.

Na yanke a kan haka. Na ƙara sharaɗi ɗaya: ta zama mai makunni biyu. Allon injinmu yana da wurin TRG na buɗe get gaba ɗaya, da PED na buɗe shi daidai shigar mutum. Ɗan makaranta da mai aiki ba sa bukatar get ya wangale.

Laraba

Injiniya ya zo da tasa ta gwaji. Na'urar tana auna ƙarfin sabis daga 0 zuwa 31. A cikin akwatin ƙarfen da ke kare injin ta nuna 9. Da ya fito da eriyar ya ɗaga ta saman ginshiƙi sai ta haura 20. Mun gwada duk layukan gidan, biyu suka tsaya daram, sauran suna hawa suna sauka. Za mu sayi eriya mai doguwar waya.

Alhamis

Na sayo na'urar, sai sim. Na yi masa rajista da lambar NIN ɗina, kamar yadda doka ta tilasta tun Disambar 2020. Na sa shi a wayata tukuna, na cire lambar PIN, na tabbatar babu waƙar kira, babu karkatar da kira zuwa akwatin murya, na tura STOP zuwa 2442 don saƙonnin talla kada su cika shi.

Akwai abin da masu sayarwa ba sa faɗa. A ƙa'idar hukumar NCC, layin da ya yi wata shida bai yi wani abin da ke kawo kuɗi ba ana iya rufe shi, in shirun ya ci gaba a ba wani lambar. Na'urar get kuwa katse kira take yi, kamfani ba ya samun komai. Sai ka ga get yana aiki lafiya, wata safiya layin ya mutu. Na sa masa kati, na kuma saita ta ta riƙa turo mini tes lokaci zuwa lokaci. Tes ɗin zai raya layin, ya kuma gaya mini tana nan da rai.

Juma'a

Bayan sallar Juma'a na shiga wurin Hajiya na yi mata bayani. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To kai kana ofis ka buɗe ƙofa ka rufe. Wa ya gaya maka babu yaro a kan hanyarta?"

Na ce, "Hajiya, injin yana tsayawa in ya ji ya bugi abu."

Ta ce, "Sai ya buga ɗin ke nan."

Gaskiyarta. Mai rimot yana kallon get lokacin da yake dannawa, mai waya kuwa yana iya zama a Abuja. Gidanmu cike yake da jikoki, ƙofar kuma ƙarfe ce mai nauyin gaske. Na kira injiniya nan take na ce a haɗa da idanun nan biyu da ake kafawa gefe da gefe, masu hasken da ba a gani, waɗanda in wani abu ya gitta tsakaninsu get ba zai rufe ba. Ya ce ƙurar hunturu tana rufe gilashinsu, sai an riƙa gogewa. Baba ya ce wannan nasa ne.

Yaya kuma ya tuna mana Satumbar 2021, da aka katse sabis a jihar Zamfara baki ɗaya, da wasu ƙananan hukumomin Katsina, Sakkwato da Kaduna, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Sabis abu ne da ke hannun wasu. Don haka rimot ɗin da suka rage za su zauna, makullin da ke sakin injin a tura get da hannu kuma za a yi masa kwafi, ɗaya wurin Baba, ɗaya ɗakin Hajiya.

Asabar

An haɗa. Wayoyi biyu zuwa batir, biyu na TRG, biyu na PED. Abu na farko da na yi shi ne canza lambar sirrin da ta zo da ita, 1234, wadda duk mai irin na'urar ya sani. Kira na farko bai yi aiki ba, sai da muka sake shigar da lambobin yadda sabis ke nuna su. Daga nan get ya riƙa motsi kafin ƙara ta biyu.

Sauran wunin a kan jerin sunaye ya ƙare, kuma nan ne aka ɗan ɗaga murya. Kowane sashe yana son a sa direbansa da ƙanen matarsa. Muka tsaya a kan cewa manyan gida su sami buɗewa gaba ɗaya, yara da masu aiki ƙaramar buɗewa, mai ruwa kuma ya kira ɗayanmu a buɗe masa. Duk wanda wayarsa ta ɓata ko ya bar layi ya faɗa a ranar, tes ɗaya ya isa a goge shi, domin lambar da aka bari wata rana hannun baƙo za ta koma. Na rubuta sunaye da lambobi a littafi, ni da Yaya kaɗai muka san lambar sirri.

Injiniya zai dawo kafin damina ya kafa sandar da ke sauke tsawa ƙasa, tunda yanzu eriyar ta fi ginshiƙin tsayi.