Kalmar da ke Bin "Zai Iya"

Duk malamin da ya fito daga makarantar horon malamai ta Tawa ya san layin da ake soma takardar shirin darasi da shi: a ƙarshen darasi, ɗalibi zai iya kaza. Mai duba makarantu in ya zo daga Buza, can idonsa yake fara sauka. Amma ba a cika tsayawa a kan kalmar da ke bin "zai iya" ba, alhali ita ce ke yanke irin tunanin da za a nema daga yaro har a tashi.

A shekarar 1956 Benjamin Bloom na Jami'ar Shikago, a Amurka, shi da abokan aikinsa suka jera tunanin ɗalibi hawa shida. A 2001 Lorin Anderson da David Krathwohl suka sake duba jerin, suka mai da sunayen hawan aikatau: tunawa, fahimta, aiki da abin da aka koya, tsefewa, aunawa, sannan ƙirƙira a can bisa.

A ɗauki malamin wani aji a Karofane da zai koyar da darasin zaizayar ƙasa. Misali ba ya yi masa nisa: tun 1975 aka soma dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska, kuma daga 1984 aikin raya karkara na Keita ya jera duwatsu, ya gina ramukan tare ruwa a kan tsaunukan Adar. In ya rubuta "zai iya lissafa abubuwa uku da ke kawo zaizaya", ya tsaya a hawan farko. Yaro zai zuba su kamar karatun aku, a tafa masa. In ya rubuta "zai iya bayyana yadda layin itace yake karya ƙarfin iska", ya hau na biyu. In kuwa ya ce "zai iya kwatanta gonar da ke bayan layin da wadda ke fili, ya faɗi wadda zai zaɓa da dalilinsa", to ya kai yaron tsefewa da aunawa, har da lissafin inuwar da ke rage yabanya a gindin itacen. Darasi ɗaya ne, allo ɗaya, alli ɗaya.

Me ya sa takardu da yawa suke maƙalewa a "lissafa" da "maimaita"? Masu saurin hukunci sukan ce lalaci ne. Malamin ya san abin da ya fi haka: yaron da ke gardama da yayansa a kan ranar shuka, wanda ya san dalilin da albasar Galmi take tsada in an adana ta har damina, shi ne yake zama kurma in aka ce ya kawo hujja da Faransanci. Kalmominsa a wannan harshe sun isa hadda, ba su isa muhawara ba. Sai malami ya sauko da burinsa daidai bakin yaron, a hankali kuma ya manta cewa kan yaron ya fi bakinsa nisa. Wannan matsala ce ta sa aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram a 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a aji, sannan a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa.

Hadda dai ba abin rainawa ba ce. Makarantar allo ta san matsayinta sarai: tana kiran tilawa tilawa, ta bar fassara sai an zauna gaban malamin littafi. Laifin takardar boko shi ne ta rubuta "zai gane", sannan ta auna hadda. Ganewa a ciki take, ba wanda ya taɓa ganinta a kan allo, sai an sa yaro ya bambanta, ya kwatanta, ya warware, ko ya tsara.

Waɗannan aikatau huɗu duk Hausa ce ta gida, ba aro. A taron malamai na yankin Karofane, rabin yini ya isa kowa ya kawo takardunsa na mako guda, a ja layi a ƙarƙashin kalmar da ke bin "zai iya", a ƙidaya sau nawa "lissafa" ta fito.