Amfirimanti guda ta ishi gida duka

A gidajenmu da yawa yanzu, mai gida na da ordinata mai Windows, ɗalibi ya sa Ubuntu a tsohuwar tashi, uwargida na riƙe da Android, wani kuma iPhone. Amfirimanti kuwa guda ce tal. Sai mu dinga yawo da kile daga ɗaki zuwa ɗaki muna kwasar birus, ko mu aiki yaro sibar da takardar haihuwa don dosiyen konkur, a baro kwafinta cikin injin mutane.

To, ga yadda muke yi. In amfirimantin na da Wi-Fi, mu haɗa ta kai tsaye da akwatin intanet na gida. Yawancin na yanzu suna jin yare guda, IPP: iPhone da Mac su gan ta ta AirPrint, Android ta Mopria, Ubuntu ta CUPS, Windows 10 da 11 kuma su nemo ta da kansu. Sharaɗin dai kowa ya hau rezo guda.

In ta USB ce kawai, sai a raba ta daga ordinata guda. Amma fa da an kashe wannan, aikin kowa ya tsaya.

Saura maganar kuran. In ya tafi ya dawo, akwatin kan iya ba amfirimantin sabon adireshi, sai a ce ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau. Mu kafa mata adireshin IP na dindindin tun ranar farko, kafin mu kai kuɗi wurin mai gyara a banza.

Allah ya bar mu tare.