Marsandin Malam

Akwai wani darasi da muka fi shekara goma muna koya wa 'yan aji biyar a fannin lissafin kuɗi, wato darasin raguwar darajar kadara. Mukan tsaya gaban allo mu ce da yara, duk abin da aka saya don a yi aiki da shi, injin niƙa ne, ko keken ɗinki, ko mota, tun daga ranar da ya bar hannun mai sayarwa yake fara cin kansa. Lissafin kuwa ba wuya. A ɗauki kuɗin da aka saye shi, a cire abin da ake jin kwarangwal ɗinsa zai kawo a ƙarshe, ragowar a raba shi da shekarun da ake sa ran zai yi yana aiki. Har mukan ƙara musu da cewa a Amurka dillalai na ƙiyasin sabuwar mota kan zubar da kusan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinta a shekarar farko kawai. Yara su rubuta, mu kuma mu karkaɗe alli daga hannu, mu fita mu shige Marsandi abinmu. Ko kusa ba mu taɓa kawowa a rai cewa da mu darasin yake ba.

Mai karatu zai ce, ina malamin sakandare a Birnin Gwari ina Marsandi? Gaskiyarka. Albashi bai saye ta ba, kuma ba zai iya ba. A farkon 2014 aka raba gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shanu suka faɗo a rabonmu mu da Yayanmu. Shekarar kuma masara ta yi kyau, domin kusan duk malamin da ke wannan yanki da safe alli yake riƙewa, da yamma fartanya. Muka sayar da namu shanun, muka haɗa da kuɗin masara da na adashi, muka tafi Kaduna muka zube naira miliyan 2 a kan wata baƙar Marsandi ƙirar 2004, mai silinda shida, 'yar Beljiyam, wadda aka shigo da ita ta Kwatano.

Yaya bai ce uffan ba sai da muka kawo masa ita ya gani. Ya zagaya ta sau biyu, ya shafa bayanta, sannan ya ce, "Allah ya sanya alheri. Amma fa wannan saniyar taka ba ta haihuwa."

Ba mu ji daɗin maganar ba, don mun san gaskiya ce. Sai dai akwai wani miki da muke ɗauke da shi tun muna yara. Mun taso muna jin labarin malaman zamanin Udoji, bayan ƙarin albashin 1974, waɗanda ake ba bashin mota su sayi Bitil ko Fijo 504 sabuwa dal, irin wadda aka fara harhaɗawa a nan Kaduna a 1975. Daga 1986, da Babangida ya kawo tsarin tsuke bakin aljihu naira ta fara gangara, sabuwar mota ta zama sai kallo, malamin makaranta ya koma kan keke da babur, ya zama abin ba'a a wasan kwaikwayo. To mu dai mun so a ga malami ya fito daga mota irin ta manya, ko da sau ɗaya ne. An kuwa gani. Maigadin makaranta tun daga nesa yake wangale mana ƙofa. A wurin ɗaurin aure aka daina barinmu a tabarmar baya. Motarmu ta ɗauki amaren da ba mu san adadinsu ba, ba kuma wanda ya taɓa zuba mana ko lita ɗaya.

Ba a daɗe ba ta fara nuna halinta. Mota ce da aka ƙera don titin Jamus, mu kuma muka ɗora ta a kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, kimanin kilomita 120 da tireloli masu zuwa Legas ta Tegina suka mayar da ita rami bayan rami. Cikinta ƙasa-ƙasa yake, ko ina sai ya gogi dutse. In wata fitila ta kunna a gaban sitiyari, bakaniken unguwarmu, wanda zai iya kwance Golf ya ɗaura idonsa a rufe, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan sai kwamfuta, sai Kaduna." Abin da mai ƙaramar mota zai samu a Panteka da 'yan kuɗi kaɗan, namu sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, wani lokaci har Legas. Ba mu yi kuka ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Abin da ba mu lissafa da shi ba shi ne daji. Birnin Gwari na zaune ne a gefen dajin Kamuku, wanda ya haɗe da na Kuyambana ta ɓangaren Zamfara. Muna yara sunansa ba ya tuna mana komai sai namun dawa da zuma da itacen girki. Sannu a hankali ya zama mazaunin ɓarayin shanu, daga baya masu satar mutane. Dare ɗaya aka kore garken Yaya gaba ɗaya, da shanun gadon da 'ya'yan da suka haifa. Da muka je jaje, shi da kansa ya dubi motar da ke fake a ƙofar gida ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo, ya ce, "Ashe taka mara haihuwar ce za ta kwana a gida." Babu littafin lissafin da ya tanadi shafi don irin wannan asara.

Mu ma ba mu tsira ba, ta wata ƙofar ta biyo mana. A shekarun da tsakanin Buruku da Udawa ya zama wurin da matafiyi ke haɗiye numfashi, har sai an jira rakiyar sojoji a tafi cikin ayari, kowa ya san mutanen daji ba haka kawai suke yanka kuɗin fansa ba. Sukan dubi tufafin mutum, da wayarsa, da taushin tafin hannunsa, da motar da aka fito da shi daga ciki. Suna kuma da masu kai musu rahoto a cikin gari. Wanda aka ciro daga Marsandi ya yi ta rantsuwa cewa shi malamin makaranta ne mai jiran ƙarshen wata, wa zai saurare shi? Motar da muka saya don a ɗauke mu da daraja, ita ce ta koma tana ƙara mana farashi a kasuwar da ba ma so a taya mu.

Uwargida ce ta fara faɗa. "Malam, don Allah ka rufe motar nan. Na fi son ka dawo da ƙura a ka da a kira ni a waya." Muka sayi tamfol muka lulluɓe ta a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. In tafiya ta kama, mu sa tsohuwar riga mu je tasha mu matsu mu huɗu a bayan Golf. A ƙarshen Satumbar 2021 gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan waya a yankinmu, ta hana hawa babur da sayar da mai a jarka, sai ga mu da mota a gida muna taka sayyada zuwa makaranta. Mota kuwa zama ya fi tafiya kashe ta. Batir ya mutu, tayoyi suka tsattsage, ɓeraye suka yi biki da wayoyin inji, kaji suka mayar da ƙarƙashinta wurin ƙwai. Sai kuma ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Silinda shida kuwa ba ta san wasa ba.

A Nuwambar 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari aka yi zaman sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan shekaru tana rufe, hanya ta ɗan samu sauƙi. A farkon 2025 muka yaye tamfol, muka kashe abin da muka kashe ta tashi, muka lallaɓa da ita Kaduna wurin dillalai.

Dillalin ya buɗe gaba, ya leƙa ƙasa, ya buga taya da ƙafa, ya kushe abin da zai kushe kamar yadda sana'arsu ta gada, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, miliyan 4, ban da la'ada."

Gabanmu ya faɗi don murna. Miliyan 2 muka saya, mun hau shekara goma sha ɗaya, ga shi ana ba mu ninki! In da lissafin allo za a bi, a ce rayuwarta shekara 10, kwarangwal ɗinta naira 200,000, to tana zubar da 180,000 ke nan duk shekara, yau ba abin da ya rage sai kuɗin ƙarfe. Har mun fara tunanin yadda za mu koma mu gaya wa yara cewa littafinsu bai san Nijeriya ba. Da dare a masauki muka ɗauki biro. A farkon 2014 dala tana wajen naira 165, wato mun biya kimanin dala 12,000. A ranar da ake taya ta dala ta haura naira 1,500, wato miliyan 4 ɗin nan ba su kai dala 2,700 ba. Ko kwatan abin da muka zuba ba a mayar mana ba. Motar ba ta hau ba, mudun da ake auna ta da shi ne ya motse. Hana shigo da motoci ta kan iyakar ƙasa da aka yi tun Janairun 2017 ya ɗan tallafi farashin na hannu, amma bai hana tsufa aikinsa ba. Ashe littafi bai yi ƙarya ba, mu ne muka manta cewa naira ita ma kadara ce mai cin kanta, har ta fi motar sauri.

Washegari muka nuna wata Corolla tsararta muka ce a yi musaya. Dillalin ya yi dariya. "Ai sai ka yi ciko, Malam. Miliyan ɗaya da rabi." Wannan ita ce ta fi yi mana zafi. Motar da a 2014 muka wuce ko kallo ba mu yi mata ba, yau ita ce sama da tamu, saboda ba ta shan mai, kowane bakanike ya san cikinta, mai saye kuma ba ya wuyar samu. Babbar mota masu iya sayenta sabuwa suke so, masu son tsohuwar kuma ba sa iya ciyar da ita. A tsakanin nan darajarta ke zubewa.

Zuciya ta ce mu koma da abarmu, ai yanzu hanya ta yi sauƙi, kuma mutum bai sayar da mutuncinsa don ciko. Biro ya ce duk watan da ta ƙara a hannunmu sai ta ci mai, ta ci gyara, ta kuma ƙara tsufa, sulhun daji kuwa ba wanda ya ba mu takardar shekarun da zai yi. Ga kuɗin makarantar babbar 'yarmu, ga damina na tafe ba mu da buhun taki ko ɗaya. Kwana biyu muka yi muna kai gwauro muna kai mari. Rana ta uku muka miƙa makulli, aka ba mu wata Golf mai dogon baya, ruwan toka, da rarar kuɗi sama da miliyan ɗaya. Ba mu juya mun kalle ta ba lokacin da yaron dillali ke jan ta zuwa wurin wanki.

Uwargida ta yi hamdala. Yaya ya leƙa bayan Golf ɗin ya ce zai ci buhu shida in an kwantar da kujera. Ran Litinin muka isa ƙofar makaranta muka yi ham, muka sake yi. Maigadi ya taso a hankali, ya ɗaga mana hannu daga nesa, ya ce motar haya ba ta shiga, a sauke yaran a nan waje.