Tauraro Ɗaya, Folda Ɗari

A shekarun da na yi aiki a wani shagon buga takardu a Kafanchan, ba nisa da tashar jirgin ƙasa, babu abin da muke tsoro kamar ɓacewar aikin mutane. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya su kawo furojet ɗinsu, ƙungiyoyin mata masu sayar da citta daga wajen Kwoi su kawo lissafin adashi, coci da masallaci su kawo takardun taro. Kowa da foldarsa a kwamfutocinmu, waɗanda waya ta haɗa da wata tsohuwar kwamfuta mai Linux da ke ƙarƙashin teburin maigida. Aikinta ɗaya ne: ta riƙe kwafin komai.

Wanda ya haɗa mana ita ya yi karatu ne a Fantsuam Foundation da ke Bayan Loco, inda matasan yankin da dama suka fara koyon haɗa kwamfutoci a ajin Cisco. Manhajar da ya saka ita ce rsync, wadda Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar a 1996. Kyawunta shi ne ba ta sake kwashe abin da ta riga ta kwasa, sai abin da ya canza. Turawa kan sa irin wannan aiki ya tashi da tsakar dare. Mu kuwa tsakar dare babu wuta, don haka muka sa shi dab da magariba, kafin a kashe janareta.

Da farko sunan kowace folda ake rubuta mata, layi bayan layi. Lokacin furojet kuwa folda sabuwa kan fito kusan kowace awa, wa zai bi su? Ranar da wanda ya haɗa mana ita ya nuna mini alamar tauraro, sai na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Ya goge dogon jerin nan, ya rubuta /home/*/aiki, ya ce, “Ɗan'uwa, tauraron nan yana nufin ko wane suna ne. Wanda zai zo gobe ma ya riga ya shiga.”

Daga nan na kamu da son abin. Da tauraron muke jawowa, da shi muke korewa. Faifan ajiyar ƙarami ne, sai muka hana *.mp3 da finafinan da yara ke turawa a ɓoye. Muka hana *.exe da autorun.inf, domin zamanin ne da filash ke yawo da cuta daga shago zuwa shago, ta ɓoye folda ta bar jabu a madadinta.

Amma tauraro ba ya tunani, abin da aka rubuta kaɗai yake bi. Da Office 2007 ya iso, takardu suka koma ƙarewa da .docx, kuma *.doc bai san da su ba, sai da aka ƙara masa wani tauraron a wutsiya. Wanda ya ajiye aikinsa a fuskar kwamfuta maimakon cikin foldar aiki, shi ma an wuce shi. Shi ya sa rabin aikina ya koma bin masu taifin ina roƙo: don Allah a ajiye inda aka ce. Duk Asabar kuma maigida kan zaɓi fayil ɗaya da ka, ya ce, “Yaro, dawo min da shi in gani.” A lokacin ina ganin takura ce. Yau ko ni ne da shagon, haka zan yi.

Wata damina tsawa ta ƙona ɗaya daga cikin kwamfutocin. Washegari shugabar wata ƙungiyar mata ta iso hankali a tashe, lissafin shekara guda na ciki. Na ce, “Mama, zauna ki sha ruwa.” Na buɗe tsohuwar kwamfutar, na juyo mata allon. Ta bi sunayen matanta ɗaya bayan ɗaya da yatsa har ƙasa, sannan ta ce a buga mata kwafi biyu a takarda.