Shekarar da na roƙa a tsakiyar karatun likita

A yawancin jami'o'in Birtaniya karatun likita shekara biyar ne, amma akwai wata ƙofa da ake buɗe wa ɗalibi a tsakiya. Zai jingine karatun asibiti na shekara guda, ya yi wani digiri daban, sannan ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. A Oxford da Cambridge da Imperial dole ne, shi ya sa nasu karatun yake kai shekara shida. A makarantarmu sai wanda ya nema, kuma ba duk mai nema ke samu ba.

Ina aji uku a ƙarshen 2020, lokacin kullen korona, sa'ad da aka buɗe neman. Kusan duk 'yan ajinmu maganar maki suke yi. A wancan lokaci, idan za a raba wa sababbin likitoci wuraren aikinsu na shekara biyun farko, ƙarin digiri yana jawo har maki biyar cikin ɗari, buga bincike a mujalla kuma biyu. Waɗannan 'yan makin suna iya raba mutum da Landan ko su kai shi can. Ana cikin cike fom sai hukumar da ke rabon ta sanar cewa daga 2023 an soke su. Ƙungiyar likitocin ƙasar ta yi ƙorafi, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Ina gani abokai da dama suka janye, ban kuma ga laifinsu ba, domin shekara guda ba wasa ba ce.

Ni abin da ya ja ni daban ne. Na tashi a Kano, na san yadda damina take cika asibitocin yara, na taɓa riƙe ƙafafun ɗan maƙwabciyarmu yana jijjiga a bayan Keke Napep, idanunsa sun kakkafe, uwarsa tana ta salati. Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da sama da kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, amma a ajinmu 'yan laccoci kaɗan aka yi a kansa aka wuce. Don haka na sa ido a kan makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool, wadda aka kafa a 1898, inda Ronald Ross, wanda ya tabbatar sauro ne ke yaɗa cutar, ya koyar.

Sai da na fara samun izinin makarantarmu, wadda ta duba ko akwai jarrabawar da na taɓa maimaitawa. Daga nan sai takardar sakamako, da wasiƙar shaida daga malami, da sabuwar biza. Wanda ya fi cin raina shi ne shafin da za ka bayyana dalilinka. Na tura wa malamar da ke kula da ni, wata dattijuwa likitar yara, muka duba ta kwamfuta, ita a kicin ɗinta ni a ɗakina. Ta ce kowa yana rubuta cewa yana son taimakon Afirka, ni wace tambaya nake so in amsa? A daren na rubuta ta. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa yaran Sahel 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafi kowane wata a damina. Masu rabo suna ba da na ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na kwana biyu. To iyaye nawa ne suke ƙarasawa, kuma me yake hana sauran?

Babban aikin yana gida. 'Yan ƙasa fam 9,250 suke biya a shekara a lokacin, daga shekara ta biyar ma hukumar lafiyarsu ce ke biya musu. Ni baƙuwa ce, ninkin-ba-ninki nake biya, ga fam ya haura naira 500 a kasuwar canji ta Wapa. Na kira Baba bayan sallar isha'i.

"Uwata, likita muka tura ki ki zama. Me ya haɗa ki da sauro kuma?"

"Baba, ku yi haƙuri. Idan na dawo gida, shi zan fi gani a gadon asibiti."

Ya yi shiru mai tsawo, ina jin ƙarar janareton maƙwabta ta wayar. Gwaggo kuwa da ta ji labari, lissafinta na aure ne, ta ce sa'o'ina duk sun yaye na fari. Baba bai ce komai ba sai bayan Juma'a, ya kira ya ce in cike fom ɗin, ya yi magana da mai son filinsa na hanyar Zariya. Har yau idan na tuna filin nan sai ƙirjina ya yi nauyi.

Wasiƙar karɓa ta zo kafin azumi. A wannan shekarar na koyi duba jini a madubin likita har in bambance ƙwayoyin cutar, na koyi lissafin bincike, na kuma koyi karanta rahoto in gane inda aka yi masa kwaskwarima. Da na koma asibiti na tarar 'yan ajinmu sun yi gaba, na zauna da na bayanmu. Maki ko ɗaya shekarar ba ta ƙara mini ba, kuma da za a sake tambayata, zan sake nema.

Roƙona ga hukumomin tallafin karatu na jihohinmu shi ne, idan kun tura yaro karatun likita waje ya nemi wannan shekarar a kan cutar da ke kashe mana yara, ku biya masa, kada sai mahaifinsa ya sayar da fili.