Na Ɓoye Mata, Ashe Ta Sani

Ranar da likita ya shaida min cewa sankarar maman da ke damun matata ta bazu zuwa hanta da ƙashin baya, ni na roƙe shi kada ya gaya mata. Ya ce haƙƙinta ne ta sani. Na ce ni ne mijinta, na fi shi sanin abin da zuciyarta za ta iya ɗauka. Ransa bai so ba, amma ya ƙyale ni. Na koma ɗaki na ce mata, "Sun ce sauƙi na nan tafe."

Wanda ya ce sauƙi na tafe kuwa, dole a ga yana nemansa. An riga an cire maman, an yi kemo, an yi gashi. Abin da ya rage, in ji likitoci, a rage mata raɗaɗi ta huta a gida. Ni sai na sayar da filina, na shiga jigilarta daga wannan mai magani zuwa wancan, ana ɗura mata jiƙe-jiƙen da cikinta ba ya riƙewa. Ba da mugunta na yi ba, amma kyakkyawar niyyata ba ta rage mata gargadar hanya ba.

Har mofin na hana ta. Tun da gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, duk abin da ke sa barci ƙwaya ne a idona, na ce ba za a mayar min da mata 'yar maye ba. Wata nas ce ta zaunar da ni daga baya, ta yi min bayani. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa mofin a matakin ƙarshe na maganin raɗaɗin ciwon daji. Na ruwan ana sha ne a kan lokaci, duk bayan awa huɗu, ba a jira sai ciwo ya taso, kuma a haɗa shi da mai sassauta ciki domin yana ɗaure bayan gida. A Yuganda, inda Dokta Anne Merriman ta kafa Hospice Africa a 1993, har nas-nas masu horo na musamman doka ta ba damar rubuta shi. Daren da matata ta fara sha ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi ba. Ni ne ban runtsa ba, ina lissafin dararen da na hana ta.

Da ciwon ya lafa ne ta samu bakin magana. Ta ce, "Malam, ka daina wahalar da kanka. Na sani tun ranar da ka shigo kana kallon ƙasa. A kira min Yaya, akwai kuɗin adashin mutane a hannuna." Ashe ina ɓoye mata, ita ma tana ɓoye min saninta don kada in karaya.

Ta sallami masu adashi, ta yi wasiyya, ta nemi yafiyar waɗanda suka samu zuwa. Amma ta so ta je ƙauye ta ga tsohuwarta lokacin da ƙafa ke ɗaukarta, ni kuwa na riga na cinye wannan lokacin a kan titi. Ba su sake ganin juna ba.

Ban ɗora wa kowa laifina ba, sai dai na san a ina ya samo tushe. Babu wanda ya taɓa zama da ni. Masu dubiya kan ce, "Yaya mai jiki?" ka ce da sauƙi, su yi addu'a su tafi. Mai jinya a asibitocinmu shi ne mai sayen magani, mai neman jini, mai wanki, mai kwana a kan tabarma a baranda. Ba a koya masa juya majinyaci duk bayan awa biyu don gudun gyambon kwanciya, balle yadda ake faɗar magana mai nauyi. In namiji ne, a ce ya bar wa mata. In mace ce, a ce ai aikinta ne, ko sannu ba ta samu. Mutumin da bai yi barci ba, ga bashi ga tsoro, shi muke bari ya yanke manyan hukunce-hukunce shi kaɗai.

Asibitin koyarwa na Ibadan yana da sashen kula da marasa lafiyar da ciwonsu ya wuce warkewa tun 2007. Ya kamata kowane babban asibiti a Arewa ya samu irinsa, da ma'aikacin da aikinsa shi ne zama da iyalin majinyaci. Kafin nan, in ka je dubiya, ka tambayi mai jinyar ko ya ci abinci, ka karɓe shi kwanan dare ɗaya. In kuma kai ne mai jinyar, don Allah ka tambayi mai ciwon abin da yake son sani kafin ka yanke masa hukunci.